Rabin Makullin da Na Ƙona

Ban gama sakandare ba. A aji uku na tsaya, shekarar da mahaifina ya faɗo daga kan rumbu a Bahuli, kuma babu wanda ya ce in koma. Abin da na tsira da shi yatsu ne kawai. Wani tsohon akawu ya koya mini tafireta a bayan kotu, kuma da yatsun nan aka ɗauke ni aiki a wani ƙaramin ofishin lafiya a Mubi, can ƙarshen zamanin jihar Gongola. Ɗaki biyu ne da bishiyar mangwaro a baya. In ka tsaya a taga kana hango duwatsu.

Aikinmu rubuta sunayen masu kuturta da masu tarin fuka na ƙauyuka, da maganin da kowa yake karɓa. Duk Juma'a a aika Yola. Da farko a takarda muke aikawa, a ba direba. Ban san wanda ya buɗe ambulan a hanya ba, amma sunan wani manomi na Muchalla ya fita. Kafin wata ya ƙare an daina sayen ƙuliƙulin matarsa, an daina ba shi hannu a kasuwa, shi kuma ya daina zuwa karɓar magani. Bayan wannan ne aka kawo mana kwamfuta, tare da wani injiniya ɗan Michika da ya yi karatu a waje, mai gajeren wando da yawan tambaya. Oga muke ce masa.

Oga ya rubuta wa na'urar wani tsari da yake birkita rubutu ya zama shirme kafin a zuba shi a faifai. Faifan lokacin baƙi ne, mai lanƙwasa, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Ko ka sace shi ba abin da za ka karanta. Makulli ne kaɗai ke mayar da shirmen rubutu, kuma makullin da ya kulle shi ne dai zai buɗe. Ɗaya a Mubi, irinsa sak a Yola. Makullin kuwa ba na ƙarfe ba ne, haruffa ne da lambobi guda goma sha shida.

Na ce masa, "Oga, ka rubuta shi a cikin na'urar mana, kowa ya huta."

Ya ce, "In za ka kasuwa, a jikin kwaɗo kake barin makullin ɗakinka?"

Ya ce na'urar ba za ta ajiye shi ba. In an buga mata za ta riƙe har ta gama aiki, sannan ta bi wurin da sifiri ta shafe. Ba za ta nuna shi a gilashi ba, taurari kawai za ka gani. Kuma ba mutum ɗaya da zai san shi duka. Mutum biyu, kowa takwas.

Akwai masu takardar shaida a ofishin nan har huɗu. Oga ya tsallake su ya nuna ni. Ya ce kwana goma yana nan bai ji na kawo labarin kowa ba. Wani ya ce ai don ba ni da abokin hira ne, aka yi dariya. Ban damu ba. Tun da na bar makaranta ba a taɓa ba ni riƙon abin da ya fi tsintsiya ba.

Rabi na biyu ya ba wata ma'aikaciyar jinya da ke kula da katin marasa lafiya. Sista muke kiranta. Kirista ce daga duwatsun Zing, ta girme ni da shekara ɗaya ko biyu, doguwa, mai wushirya, Hausarta irin ta wanda ya koya a kasuwa: mota ya zo, mata ya tafi. In na gyara mata sai ta ce, "Ka gane ko ba ka gane ba?"

Yadda ake haifar makullin shi ne abin da har yau nake gani a ido. Oga ya tara marafen kwalbar lemo goma sha shida, ya rubuta wa kowanne alama ɗaya a ciki, daga sifiri zuwa tara, daga A zuwa F, ya zuba a ƙwarya. Ya ce in an bar mutum ya zaɓa da kansa, shekarar haihuwarsa zai sa ko lambar babur ɗinsa. Sai ka girgiza ƙwarya, ka ɗauki marfi ba ka duba ba, ka rubuta, ka mayar, ka sake girgizawa, har sau takwas. Kana yi ɗayan ya juya maka baya, shi ma Oga ya fita waje. Kowa ya rubuta kwafin nasa, ya sa a ambulan, ya ɗiga jan kaki, a aika wa takwaransa na Yola, ambulan biyu a mota biyu, rana daban. Duk bayan wata shida a sake sabo, a ƙona tsoho.

Sista ta ce, "A garinmu ba a juya wa mutum baya yana aiki. Rashin kunya ne."

Oga ya ce, "A ɗakin nan ladabi ne."

Ni ban yarda da aljihu ba, ban yarda da durowa ba. Na rubuta takwas ɗina a 'yar takarda, na naɗe, na kai wa baduku a bakin kasuwa ya ɗinke mini a fata ina tsaye a kansa. Na ɗaura a dantse. Mutum zai iya laluben aljihunka, amma ba mai buɗe layar wani a ƙasar nan, ko ɓarawo. Da na koma karo na uku badukun ya ce, "Malamin nan naka, duk wata shida maganinsa yake tsami?" Daga nan Sista ta sa mini Mai laya, sunan ya bi ni har ofishin ya mutu. Ita ba ta ajiye takarda ba. Ta ɗora nata a kan karin wata waƙar coci, ta haddace.

Duk Juma'a da hantsi, in akwai wuta ko an tayar da janareta, mu shiga ɗakin mu rufe ƙofa. Ni nake fara bugawa, tana kallon bango. Sannan in tashi in je taga, in ba ta baya. Ina kallon mangwaro da duwatsu, ina jin ta tana gunguni da waƙarta ƙasa-ƙasa, maɓallai suna ƙara. A makullinmu na ƙarshe takan buga uku, ta ɗan tsaya, sannan biyar a jere. In mun gama sai na'urar ta fito da wasu alamomi huɗu, mu gwada da waɗanda aka manna a bango. In sun yi daidai, babu wanda ya yi kuskure a cikinmu, kuma babu wanda ya ga na wani.

Kulle faifai yana ɗaukar lokaci, na'urar tana gurnani. A wannan zaman ne muke shan shayi. Nawa kofin ya tsage a baki, nata na tangaran ne mai shuɗin zobe. Takan zo da dafaffiyar gyaɗa a ƙullin leda.

"Mai laya, kai ba ka dariya ne?"

"Me aka yi na dariya?"

"Ka duba madubi."

Da azumi ba ta taɓa cin komai a gabana ba, ko ruwa sai ta fita bayan mangwaro. Da Kirsimeti ta kawo mini shinkafa da kaza, tun kafin in buɗe baki ta ce maƙwabcinta Bafulatani ne ya yanka, in ci in rufe mata baki. Da na yi zazzaɓi kwana shida ta zo har unguwarmu da allura. Mahaifiyata ta bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ta ce, "Yarinyar kirki. Allah ya ba ta miji a cikin nasu." Na gane abin da aka gaya mini. Shekara biyu ban ce komai ba, ga kowa. Na iya riƙe baki, shi ya sa aka ba ni makulli, kuma shi ne ya kashe ni.

Sai aka raba jihar. Muna zaune rediyo ta ce yanzu akwai Adamawa akwai Taraba. A gari wasu suna murna. Bayan 'yan makonni takarda ta zo cewa kowane ma'aikaci ya koma jihar iyayensa. Zing ta faɗa Taraba. Waɗanda suka zana layin nan a taswira ba su taɓa shan shayi da kowa ba.

Ranar aikinta ta ƙarshe aka yi abin da doka ta ce. Wanda zai gaje ta, wani mai difloma da ke kirana "taifis", wato mai buga tafireta, ya girgiza ƙwarya, ni ma na girgiza. Muka buɗe duk sunayen da tsohon makulli, ni da ita, muka sake kulle su da sabo, ni da shi. Ya fita. Aka bar mu mu biyu da la'asar sakaliya, an kashe janareta.

Ta miƙo mini 'yar takarda a ninke huɗu.

"Riƙe."

"Mene ne?"

"Rabina. Na tsohon."

Na mayar da hannuna baya kamar ta miƙo garwashi. Na ce, "Sista, kin san doka. Ba mai riƙe duka."

"Makullin ya mutu, Mai laya. Yau muka binne shi."

"Akwai tsofaffin faifai a Yola da yake buɗewa."

"Kai za ka je Yola ka sace su?"

"Ba a nan take ba."

"To a ina take?" Ta matso da takardar. "Ni na ba ka. Ba Oga ba, ba gwamnati ba. Ka karɓa kawai."

Zan faɗi abin da ya zo mini a rai, ko da zai sa a ce ni jaki ne. Na zaci gwada ni ake yi. Na zaci mai diflomar nan yana bayan ƙofa, ana so a ga ko ɗan aji uku zai sayar da amana saboda mace. Abu ɗaya tak nake da shi a duniya da masu takarda ba su da shi, ban so a ce na zubar. Na karɓi takardar da yatsa biyu, ban warware ba. Na ɗauko ashanar da muke narka kaki da ita, na ƙyasta, na sa a faranti. Har da murza tokar da babban yatsa, yadda Oga ya koya mana.

Ta tsaya tana kallo har wutar ta mutu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba.

Ta ce, "To. Ka iya aikinka."

Ta wanke kofinta ta kife a kan taga, ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta ce, "Sai wata rana," na ce Allah ya kiyaye hanya. Washegari da sassafe babbar mota ta kwashe su da kayansu, su da sauran 'yan Taraba.

Da na zo ofis na ja durowata zan ɗauki reza in farke tsohuwar laya in ƙona, sai ga faifai a kan takarduna. An manna masa farar takarda da rubutunta mai karkata: Na Mai laya. Tsohon makulli.

Na zauna. Ashe a wata Juma'a ta kulle shi, ina tsaye a taga na ba ta baya.

Ban farke layar ba. Ni da na ƙona nata don doka, na ɓoye nawa. Wata da watanni, in mai difloma ya fita cin abinci, sai in sa faifan, in buga takwas ɗina, in rufe ido in nemo karin waƙarta, in buga uku, in tsaya, in buga biyar. Alamomi huɗun nan ba su taɓa yin daidai ba. Na rubuta wa takwararta ta Yola da dabara, ta amso da layi ɗaya cewa ta ƙona nata ranar da aka ce a ƙona. Oga ya riga ya koma inda ya fito, kuma ko yana nan bai san makullin ba. Haka ya gina abin, ya kuma gina shi da kyau.

Za a ce me ya hana ni shiga mota. Jalingo ba Makka ba ce. Na ce wa kaina sai an yi albashi, sai bayan salla, sai jikin tsohuwa ya yi sauƙi. Gaskiyar ita ce kunya. Ta yaya zan tsaya a gabanta in ce ki sake ba ni abin da na ƙona a idonki? Kuma ina tsoron abin da ke ciki. In sallama ce kawai fa, da godiyar zaman tare? Muddin faifan yana kulle, ina iya sa masa duk abin da nake so. Sai a shekara ta uku na je. A asibitin da aka tura ta wata tsohuwar nas ta ce ta yi aure bara, wani malamin makaranta, sun tashi can wajen kudu. Ta ce in bar saƙo. Na ce ba saƙo.

Ofishinmu ya rufe da masu ba da taimako suka janye. Masu takarda aka raba su wasu ofisoshi, ni aka ba ni takardar godiya. Na koma bayan kotu da tafireta, inda na fara, ina buga wa mutane takardar rantsuwa da ta sayen fili. Na yi aure, na haihu, matata mutuniyar kirki ce kuma ba ta da laifi a cikin wannan labari. Shagunan kwamfuta suka buɗe a kowane lungu suka kwashe aikin, yaran da ba su san inda waƙafi yake zama ba. Faifan yana cikin murfin akwatin tafiretata, a naɗe a leda da tsumma.

Shekara goma sha bakwai yana nan. Ran nan wani malamin kwamfuta na babbar makarantar garin nan, mai furfura a gemu, ya zo in buga masa takardar shekarun haihuwa don wuta ta ɗauke a shagunan. Na buɗe akwati tsumman ya zame. Ya ɗauka yana juyawa.

"Malam, wannan ai kakan kakan faifai ne. Me ke ciki?"

"Ban sani ba."

Ban taɓa ba kowa labarin ba. Ban san abin da ya sa na ba shi ba, wataƙila don ba ya sauri. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni yadda aka raba makullin, ya tambaya ko tsarin kullewar yana kan faifan. Na ce kowane faifai da shi yake tafiya.

Ya ce, "Injiniyanku ya yi ƙoƙari, amma ya yanka makullin kamar rake, gaba da baya. Yanzu ba haka ake rabawa ba. Ana yi ne yadda rabinka ba zai gaya maka komai a kan sauran ba. A naku, mai takwas saura takwas kawai zai nema. Na'urarku ta da za ta tsufa tana nema. Ta yanzu za ta gwada duka kafin ka gama cin tuwo. In faifan bai ruɓe ba. Amma sai ka ba ni naka."

"Ba a bayarwa."

"Wa zai kore ka daga aiki?"

Na ce ya karɓi takardarsa ya tafi. Mako uku ina jin haushinsa. A na huɗu na je na same shi.

Sai da ya tono wata tsohuwar na'ura a sito mai karɓar irin faifan, ya goge, ya haɗa wayoyi. Na san takwas ɗina kamar sunana, amma na zaro reza na farke layar a gabansa, don in za a karya doka a karya ta sosai. Takardar ta yi ja, ta manne da fata. Ya kwafa. Na gaya masa alamomi huɗun bango, su ma ban manta ba. Muka yi azahar muka dawo, na'urarsa tana ta lissafi ba ko gurnani. Kafin la'asar ta tsaya.

Ya rubuta wani abu a 'yar takarda, ya ninke, ya miƙo mini. Ya ja mini kujera. Sannan ya tafi taga ya juya mini baya. Ban ce ya yi ba.

Na buga nawa. Na warware takardar na buga nata. Gefen faifan ya ɗan ci, layin farko da na ƙarshe sun zama shirme, amma tsakiyar ta fito.

"Mai laya, idan kana karanta wannan, to ka karɓi rabina, ka karya dokan Oga saboda ni. Shi ke nan abin da nake so in sani. Ban iya faɗa da baki ba, kai ma ba ka iya ba, shekara biyu muna ba juna baya. Na gaya wa kawuna a Zing akwai mutum ɗaya a Mubi, Musulmi ne, ba ya dariya, amma ba ya ƙarya. Bayan kwana biyu ya ce mutumin ya zo in gan shi. Na san mamanka ba ya so. Ka zo dai, a fara daga nan. Gidan yana bayan coci, ka tambayi gidan tsohon soja. Zan jira har a cire gyaɗa. Kofina na bar maka a taga, naka ya tsage, kar ya yanka maka baki."

Kofin nan mai difloma ne ya ɗauka. Shekara biyu ina kallonsa yana shan shayi a ciki, ban ce komai ba, don ba a ce nawa ba ne.

Malamin ya ce daga taga, "In juyo?"

Na ce ya ɗan dakata.

Da na tashi ya ce ko in buga maka a takarda. Na ce a'a, ya shafe abin da na'urarsa ta riƙe, ya bi wurin da sifiri. Ya yi, ina kallo. Wasiƙar ta zauna mini a kai tun karatun farko, ba na bukatar takarda.

Ban neme ta ba. Matar wani ce, wataƙila da jikoki, kuma amsar da na ba ta a faranti ita ta tafi da ita. Ban ga abin da zan je in ce ba wanda zai amfane ta. Wani lokaci dai in na ga motar Jalingo tana lodi a tasha nakan tsaya in duba fuskokin matan da ke ciki, sannan in wuce.

Takardar da malamin ya ninke mini tana nan. Badukun ya rasu, ɗansa ne ya ɗinke mini su biyun, tawa da tata, a fata ɗaya, bai tambaye ni komai ba. Na ga dalilin da take tsayawa bayan na uku: na huɗun yana can ɗaya gefen maɓallan, sai ta ɗaga hannu ta nemo shi. Yanzu aiki ya yi ƙaranci a bayan kotu, wata rana har azahar ba wanda ya zo. In zaman ya yi tsawo nakan jawo tafireta ba takarda a ciki, in buga takwas nawa, in buga uku nata, in ɗan tsaya, sannan biyar.